Giya cikin kwalbar lemo

Dogayen katangu da manyan ƙofofin ƙarfe na Koira Kano ba su hana abin da ke addabar sauran unguwannin Yamai shigowa ba. Yaron da ke tsoron a gan shi da giya yakan juye barasa mai ƙarfi cikin robar lemo, ya zauna da ita a fada kusa da tukunyar shayi, mai wucewa ya ɗauka ƙishirwa yake kashewa.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne haɗin. Wasu kan jefa ƙwayar tramol a ciki, wasu su zuba maganin tari mai kodin. Giya da waɗannan magunguna duka suna danne numfashi, kuma tramol na iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Yaro zai kwanta yana minshari, abokai su ce a bar shi ya huta, alhali numfashinsa ne ke raguwa. Lemon ƙara kuzari kuwa, in aka haɗa shi da giya, ɓoye maye yake yi, mai sha ya ga kamar garau yake, ya hau babur.

Najeriya ta haramta maganin tari mai kodin a 2018. A nan, hukumar OCRTIS na kama masu fataucin ƙwaya, amma mai tallar magani a faranti yana nan yana yawo. Muna kira ga hukumomi su fara daga kansa, iyaye kuma su koyi cewa yaron da aka kasa tayarwa asibiti ake kai shi nan take, ko da za a ji kunya.