Dokin mai baki ya fi gudu: kan rigimar yaron nan Antonelli

Tun ranar Lahadi 7 ga Disamba da aka rufe kakar Formula 1 ta 2025 a Abu Dhabi na yi niyyar kama bakina, amma jiya da daddare a teburin mai shayinmu na Unguwar Rimi tura ta kai bango. Magidanta biyu, abokan juna tun firamare, saura ƙiris su ba hammata iska a kan wani yaro ɗan Italiya da bai ma san akwai wani gari Kaduna a duniya ba. Ɗaya yana rantsuwa Kimi Antonelli ya binne tarihin Hamilton. Ɗayan yana cewa mota ce kawai, wai shi ma da zai samu Mercedes ɗin nan da ya yi abin da ya fi haka. Mutumin da na sani sarai ko ribas bai iya ba sai yara sun tsaya suna ce masa "zo, zo, ya isa".

To ku yi haƙuri, dukkanku biyu kun yi kuskure, kuma zan faɗi dalili.

Bari in fara da masu cewa an karya tarihi, tunda su suka fi ɗaga murya. Gaskiya ne Antonelli ya tara maki 150 a shekararsa ta farko, Hamilton kuma 109 ya samu a 2007. In ka tsaya a nan, magana ta ƙare. Amma wannan kamar ka ce albashinka na yau ya fi na mahaifinka na 1980 ne, don haka ka fi shi arziki. A 2007 wanda ya ci tsere maki 10 ake ba shi, yanzu 25 ne. A lokacin mutum takwas na farko ke samun maki, yanzu goma. A 2007 tsere 17 aka yi, a 2025 kuma 24, ga kuma gajerun tseren ranar Asabar guda shida da su ma ake raba maki. Na zauna da biro da takarda na mayar da sakamakon Hamilton na 2007 kan ma'aunin yau: maki 265 ya ba ni, a tsere 17 kacal. Wanda yake shakka ya lissafa da kansa, ba asiri ba ne.

Kuma ku tuna abin da ya yi. Tserensa tara na farko a jere, duk a cikin ukun farko ya ƙare. Ya ci guda huɗu: Kanada, Amurka, Hangari da Japan. Wanda suke ƙungiya ɗaya da shi a McLaren Fernando Alonso ne, mai riƙe da kambun duniya na 2005 da 2006, amma suka tashi kunnen doki, 109 da 109. Maki ɗaya tak Kimi Räikkönen ya fi shi ya ɗauke kambun. Antonelli kuwa bai ci tsere ko ɗaya ba a 2025, sau uku ya shiga ukun farko. Abokin ƙungiyarsa George Russell, da mota iri ɗaya, ya ci Kanada da Singafo, ya tara maki 319. Ya ninka shi har da ɗori. Don haka, Alhaji, ajiye maganar binne tarihi. Ba a kai nan ba tukuna.

Yanzu na juyo kan 'yan "mota ce", don naku ya fi ba ni haushi.

Eh, mota ce. Wa ya ce ba mota ba ce? A wasan nan babu wanda ya taɓa cin kambu da akwala. Hamilton ɗin da muke so, a 2025 da ya koma Ferrari, bai shiga ukun farko a babban tsere ko sau ɗaya ba, abin da bai taɓa faruwa da shi ba tun da ya fara. Maki 156 ya samu, shida kacal ya fi yaron da ya gaje kujerarsa. Za ku ce ya manta tuƙi ne? Mu da muka tashi muna leƙen folo a Murtala Square mun san ba a raba doki da mahayi. Ka ba gwani doki gurgu, zai sha ƙura. Ka ɗora ɗan koyo a kan ingarma, ƙasa za ta karɓe shi. Tambayar da mai hankali zai yi ita ce: da dokin da aka ba shi, me ya yi?

Ga abin da ya yi. Yaron an haife shi a watan Agustan 2006. Lasisin tuƙin mota a titi ma sai a Janairun 2025 ya samu, makonni kaɗan kafin tserensa na farko. A Ostireliya, cikin ruwan sama da ya watsar da manya, ya tashi na 16 ya ƙare na huɗu. A Miami ya fi kowa gudu a gwajin gajeren tsere, ya tashi a sahun gaba, mafi ƙarancin shekaru da ya taɓa yin haka. A Kanada ya zo na uku, sannan ya koma gida ya zauna jarrabawar kammala sakandare. Ku sake karantawa: sakandare. A Birazil ya zo na biyu, Max Verstappen na huci a bayansa har layin ƙarshe, bai ba shi hanya ba. A Las Vegas ya tashi na 17, aka ƙare yana na uku bayan an soke sakamakon motocin McLaren biyu.

Ba zan ɓoye ɓarnarsa ba. Tsakiyar shekara, da aka shiga filayen Turai, yaron ya rikice. A Ostiriya ya daki Verstappen tun zagayen farko, duka biyu suka fita. A Holan ya tura Leclerc jikin katanga. A Beljiyam ya faɗi tun matakin farko na gwaji, ya fito idanunsa sun yi ja. Ni kaina a lokacin na ce an yi gaggawa, da sun bar shi ya ƙara shekara a ƙaramin aji. Amma abin da ya sa na janye maganata shi ne yadda ya dawo. Yaro ɗan shekara 19 ya faɗi a gaban duniya, ya tashi ya karkaɗe jikinsa, ya yi tserensa mafi kyau a ƙarshen shekara. Wannan ba inji ke yin sa ba.

In ana son adalci, ma'auni ɗaya ne a wasan nan: abokin ƙungiyarka, don shi kaɗai ke tuƙa irin motarka. A wannan ma'aunin Antonelli yana da sauran aiki a gaban Russell, amma tazarar da ke tsakaninsu a Nuwamba ba ita ce ta Yuli ba. Kuma a wannan ma'aunin akwai sababbin shiga da ba ku ma ambatonsu, saboda motarsu ba ta da tauraro a goshi. Oliver Bearman na Haas ya fi Esteban Ocon maki, mutumin da ya daɗe a harkar har ya taɓa cin tsere, ya kuma zo na huɗu a Meziko. Isack Hadjar, haifaffen Faris ɗan asalin Aljeriya, ya fasa motarsa a Ostireliya tun kafin a tashi tsere, a zagayen ɗumama taya. Ya fito yana kuka, mahaifin Hamilton ne ya tare shi ya rungume shi. A ranar har a nan an yi masa dariya. Ranar 31 ga Agusta ya zo na uku a Holan da motar Racing Bulls, yanzu kuma an ɗaga shi zuwa Red Bull a 2026. Ina masu dariyar?

Amma duk wannan musu ne na shan shayi, da a nan abin ya tsaya da ban ɓata datata ba. Abin da ya sa na rubuta shi ne abin da ya faru bayan tseren Katar na 30 ga Nuwamba.

Saura zagaye ɗaya da 'yan kai a gama, Antonelli na na huɗu, Lando Norris na binsa. Motar yaron ta zame a kwana, Norris ya wuce, ya ƙara maki biyu. Nan take wasu manya a Red Bull, ciki har da Helmut Marko, suka nuna kamar da gangan ya buɗe masa hanya. Kafin gari ya waye an yi wa yaron ruwan zagi, har da masu barazanar kashe shi. Mercedes ta ce saƙonni munana sama da 1,000 ta tattara. Ya mayar da hoton shafinsa na Instagram baƙi ƙirin. Washegari Red Bull ta fito ta ce maganar ba daidai ba ce, hoton bidiyo ya nuna motar ce ta kuɓuce masa, ta kuma nuna nadama. Sai ga shi an gama kaka Norris na da 423, Verstappen 421. Maki biyu. Shi ke nan wutar ta sake tashi.

Na ga 'yan garin nan a cikin masu zagin. Na ga Hausa, na ga "Allah ya isa", na ga an zagi uwar yaron da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Wani ƙanena a unguwa da na tsare shi, sai cewa ya yi ai tikitinsa yaron ya yaga masa. Ka ji fa. Ka ɗauki kuɗin cefanen gidanku ka kai caca, ka sha ƙasa, sannan ka nemi ɗan wani ka huce a kansa. Kaka mai tsere 24, Verstappen ya yi asarar maki a wurare da dama, ciki har da karon da ya yi wa Russell a Sifaniya aka hukunta shi, amma duk an manta, sai kwana ɗaya ta yaro. Haba jama'a.

Kuma kada mu yi kamar a intanet kaɗai muke da wannan hali. Haka muke yi wa sabon shiga a ko'ina. Shekarun baya na kai ɗan yayata koyon gyaran mota wani gareji. Wata uku yana wanke sifana yana sayo wa oga abinci, ranar da aka fara ba shi aiki ya ɗaure noti ya wuce misali ya tsinke. A gaban mai mota aka kira shi jaki, aka ce kansa ba ya ja, ya koma gida ya ce ya gama da gareji har abada. Da ƙyar wani dattijon makanike a Panteka ya karɓe shi, ya bar shi ya yi kuskure ya gyara a gabansa. Yau yaron nan yana da yara huɗu a ƙarƙashinsa. Da maganar ogan farko aka bi, da yanzu yana bakin titi yana jiran ɗan siyasa. Ko mu ɗaga yaro sama a mako ɗaya mu ce babu kamarsa, ko mu binne shi da rai a mako na biyu. Tsakiyar nan, inda ake haƙuri ana gyara, ita ce ba mu da ita. Ko a folo sabon ɗan wasa daga -2 ake fara auna shi, ƙasa da sifili, a hankali ake ɗaga shi. Ba a ba shi 10 ranar da ya fara, ba a kuma kore shi don bai kai ba.

Su can ba sihiri suka yi ba. Mercedes ta ɗauki Antonelli yana ɗan shekara 12, yana tuƙa ƙananan motocin tsere na yara. Ya ci gasar Formula 4 ta Italiya da ta Jamus a 2022, ya ci ta yankin Turai a 2023, ya yi Formula 2 a 2024. Ranar da aka fara ba shi babbar mota a gaban jama'a, a Monza, cikin 'yan mintuna ya kai ta jikin katanga. Washegari suka sanar da cewa shi ne zai gaji Hamilton. Shi ma Hamilton McLaren ta ɗauke shi a 1998 yana ɗan shekara 13, bayan mahaifinsa ya yi ta haɗa aiki biyu da uku don ya riƙe shi a wasan. Ba a fafe gora ranar tafiya. In za ku ce Antonelli ɗan gata ne, mahaifinsa ma ɗan tsere ne mai ƙungiyarsa, ban musa ba, wasan masu kuɗi ne. Amma 'ya'yan gata nawa aka saya wa kujera suka tashi a tutar babu?

Mu fa? Rabon Afirka da ganin tseren Formula 1 tun 1993 a Kyalami ta Afirka ta Kudu. Ruwanda ta fito neman karɓar baƙunci a Disambar 2024, a 2025 kuma Hukumar Wasanni ta Ƙasa ƙarƙashin Shehu Dikko ta ce ita ma tana so a kawo shi Abuja. Allah ya sa. Amma yaron Kawo ko Badarawa da Allah ya ba shi hannu a sitiyari, ina zai je ya gwada kansa? Sai ranar ɗaurin aure, ya ari motar babansa, ya hau kwalta yana juyi taya na hayaƙi, yara na tsaye a gefe, masu Keke na kaucewa. Duk mun san gidan da irin wannan wasan ya mayar da biki zaman makoki. Garin da aka shekara da shekaru ana haɗa Peugeot a Kakuri, garin da ke da Panteka, bai kamata a ce wannan ce kaɗai makarantar tuƙin gudu da yaranmu suka sani ba. Fili killatacce, ƙananan motoci goma, hular kwano da mai koyarwa, bai fi ƙarfin masu kuɗin da ke ciyar da dawakin folo ba. In da kuzarin da muke zagin ɗan wasu da shi muka sa a wannan maganar, da an wuce nan.

Matsayata ke nan. Antonelli bai kai Hamilton na 2007 ba, kuma ba laifi ba ne, don kusan babu wanda ya kai. Ba kuma fasinja ba ne a motar Mercedes. Yaro ne mai hannu, da ya yi shekara ɗaya a aji, ya ci wasu darussa ya faɗi wasu. Kakar 2026 ta sababbin dokoki da sababbin injina ce, kowa daga farko yake farawa. A ba shi shekara biyu, a auna shi da Russell, sannan a yi hukunci.

Ku biyun nan kuma na jiya, kun san kanku. Yau bayan Isha'i ina wurin, shayin kowa a kaina. Wanda zai yi musu ya zo da lissafinsa a takarda, ya bar iyayen mutane su huta.