Da dokar yau aka yi amfani da ita a 1972, da ba a san Ronnie Radford ba

Jama'a, akwai wata magana da muke yawan jifan juna da ita a gidan kallo da kuma nan Facebook: "ku dai sai tarihi." Da zarar ɗan wata ƙungiya ya buɗe baki zai faɗi kofin da suka ci a da, sai a yi masa caa, a ce ya kawo na bana. To yau ina so in ɗan tsaya wa masu tarihin, amma ba 'yan Arsenal ko 'yan United ba, waɗannan suna da bakin kare kansu. Waɗanda nake nufi su ne magoya bayan ƙananan ƙungiyoyin Ingila da ke ƙasa da rukuni huɗu na ƙwararru, waɗanda yawancin 'yan wasansu da rana suna wurin sana'a, da yamma su zo atisaye. Su kam abin da suka mallaka ke nan, labarin wata rana ɗaya a Kofin FA. Kuma a ganina hukumar ƙwallon Ingila ta yi musu fashi da rana tsaka.

Bari in ba ku labarin Hereford, don shi ne ya fi fito da abin fili.

Hereford wani ƙaramin birni ne a yammacin Ingila kusa da iyakar Wales, garin manoma da makiyaya. Akwai wani irin jan sa mai farar fuska da ake kiwo a ƙasashe da dama, sunan garin ya ci. Shi ya sa ake kiran ƙungiyar da Bijimai, kuma a manyan wasanni har bijimi na gaske sukan zagaya da shi fili kafin a take leda. A watan Janairun 1972 Hereford United ta haɗu da Newcastle a zagaye na uku. Newcastle na rukunin farko, tana da Malcolm Macdonald, ɗaya daga cikin maciya raga da ake ji da su a lokacin. Hereford kuwa tana gasar yankin kudu, ko cikin ƙungiyoyi 92 na ƙwararru ba ta. Kocinta Colin Addison shi kansa ɗan wasa ne, yana horarwa yana bugawa.

Aka je gidan Newcastle, kowa ya ɗauka yanka za a yi. Ko minti ɗaya ba a cika ba Hereford ta zura ƙwallo. Newcastle ta farke ta ƙara, Addison ya rama, aka tashi 2-2. Ku riƙe wannan wurin da kyau. A dokar wancan lokaci, idan aka yi canjaras ba ƙarin lokaci ake yi ba, sake wasan ake yi a gidan wanda ya yi baƙunta. Wato dole Newcastle ta kwashi jiki ta tafi Edgar Street.

Ruwan sama ya sa aka yi ta ɗage wasan har sau uku, sai ranar 5 ga Fabrairu aka samu aka buga. Filin nan in ka gani a bidiyo sai ka rantse fadama ce bayan an cire shinkafa. Mutum sama da dubu goma sha huɗu a hukumance, ban da waɗanda suka ɗare bishiyoyi da turakun fitila. Saura minti takwas a tashi Macdonald ya sa kai ya ci. Shi ke nan, an gama, haka kowa ya zata. Bayan minti uku sai wani kafinta mai suna Ronnie Radford ya ƙwaci ƙwallo a tsakiyar fili, ya ba abokinsa ya dawo masa da ita, ya ɗaɗa ta tun daga wajen yadi talatin. Sai a saman kusurwar raga. Yara suka ɓarke cikin fili kamar an buɗe makaranta, shi kuma yana gudu hannu sama, riga duk taɓo. A ƙarin lokaci Ricky George, wanda ya shigo canji, ya ci ta biyu. Aka tashi 2-1. Rabon da ƙungiyar da ba ta cikin rukunan ƙwararru ta fitar da ta rukunin farko tun 1949, lokacin da Yeovil ta doke Sunderland.

Wanda bai taɓa gani ba ya nema a YouTube, wallahi minti biyu ne amma sai ka maimaita. Mai sharhin da kuke jin muryarsa na rawa John Motson ne, lokacin yana saurayi ɗan shekara 26, BBC na gwada shi. Wannan wasan ne ya kafa shi, ya yi kusan shekara hamsin yana aikin.

To me ranar ta jawo wa Hereford? A zagaye na huɗu ta riƙe West Ham babu ci a gida, aka sake wasa a Landan, Geoff Hurst ya ci uku, aka fitar da ita 3-1. Amma sunanta ya riga ya shiga kowane gida. A wancan zamanin ba a hawa rukuni na huɗu da maki, ƙuri'a ƙungiyoyi ke kaɗawa, kuma sun saba zaɓen junansu su bar na waje a waje. A bazarar 1972 aka zaɓi Hereford, aka sauke Barrow (su kuma bayin Allah sai 2020 suka dawo, shekara 48). Zuwa 1976 Hereford ta hau rukuni na biyu. Ka ga ranar nan ɗaya ba daɗin baki kawai ta bari ba, ƙofa ta buɗe.

Daga baya abubuwa suka lalace. Ta faɗo daga rukunan ƙwararru a 1997, ta koma a 2006, ta sake faɗowa a 2012. Bashi ya yi mata katutu, har da na haraji, 'yan wasa ba albashi. A 2014 aka kore ta daga gasar da take ciki, a watan Disamba kotu ta rushe ta gaba ɗaya. Ƙungiya mai shekara 90 ta mutu murus.

Nan ne nake so masu cewa "tarihi ba ya cin kofi" su saurara. Mutanen garin ba su watse sun koma goyon bayan Aston Villa ko Liverpool ba. Sun haɗa kuɗi da kai suka kafa sabuwa, Hereford FC, a wannan filin dai na Edgar Street, da wannan farar rigar, da wannan bijimin. Aka jefa su can rukuni na tara, inda wasu ƙungiyoyin 'yan kallonsu ba su fi a ƙirga da ido ba, amma su dubbai ke zuwa. A kakarsu ta farko suka kai wasan ƙarshe na kofin FA Vase a Wembley a 2016, kusan mutum dubu ashirin suka bi su Landan. Morpeth Town ta ci su 4-1, amma suka hau mataki uku a shekara uku a jere. Me ya riƙe mutanen nan? Ba kuɗin talabijin, ba attajirin Larabawa. Kaka ya gaya wa jika cewa yana cikin yaran da suka shiga fili ranar Radford, jikan ya taso yana jin cewa wannan wurin nasu ne, ba za a bari ya zama kango ba. In ka cire wannan labarin, ban ga dalilin da zai sa saurayi ya bar wasan Firimiya a talabijin ya je ya tsaya cikin sanyi yana kallon rukuni na tara ba.

Radford ya rasu a farkon Nuwamban 2022 yana da shekara 79. Ikon Allah, a wannan makon Hereford ta karɓi Portsmouth a Kofin FA a Edgar Street, ana nunawa kai tsaye. An ci su 3-1, amma daren na Radford ne.

Yanzu ga inda take ƙasa tana dabo. A watan Afrilun 2024 hukumar FA da masu gasar Firimiya suka sanar cewa daga kakar 2024-25 an soke sake wasa tun daga zagayen farko. In an yi canjaras, ƙarin lokaci, sai fenariti, a gama a ranar. Dalilinsu shi ne an faɗaɗa gasannin Turai, wasanni sun yi wa manyan ƙungiyoyi yawa. Ƙananan ƙungiyoyi da yawa suka fito suka ce ba wanda ya tuntuɓe su, a labarai suka ji kamar kowa. Ku mayar da wannan dokar 1972. An tashi 2-2 a gidan Newcastle, sai a ƙara minti talatin a can, ƙwararru da masu sana'ar hannu da suka riga suka gaji. Ba zuwa Edgar Street, ba taɓo, ba Radford.

Kuma ba sai mun yi hasashe ba, mun gani da idonmu. Janairun 2025, Tamworth ta rukuni na biyar ta karɓi Tottenham. Minti casa'in babu ci. A tsohuwar doka, wannan sakamakon tikiti ne na zuwa filin Tottenham mai cin mutum sama da dubu sittin, kuma a Kofin FA raba kuɗin ƙofa ake yi tsakanin ƙungiyoyin biyu. Ga kuɗin nunawa a talabijin. Maimakon haka aka ce su ci gaba. Tottenham ta ɗauko su Son da Kulusevski daga benci, Tamworth ƙafa ta mutu, aka zura musu uku. Na san 'yan Arsenal sun sha dariya ranar, wai sai da aka yi ƙarin lokaci. Ni abin bai ba ni dariya ba. Mutane sun yi aikin da ya kamata ya ciyar da ƙungiyarsu shekaru, aka sallame su da tafi.

Idan kana ganin na cika baki da na ce shekaru, tambayi Exeter City. A Janairun 2005 tana wajen rukunan ƙwararru, bashi ya kusa kashe ta, magoya baya ne suka karɓi ragamarta. Ta je Old Trafford ta yi 0-0, aka dawo gidanta, Ronaldo da Rooney suka ci 2-0. Kuɗin wasannin nan biyu ne suka taimaka mata ta fita daga bashin. Shekara ɗaya bayan haka Burton Albion ta riƙe United ɗin dai 0-0 a gida, ta je Old Trafford aka yi mata 5-0, ta dawo da jaka cike. Bayan shekara goma Burton tana rukuni na biyu. An ci su biyar, amma wa ya yi asara?

Na san abin da za a ce min a ƙasa, kuma ba zan ce ƙarya ba ne. 'Yan wasan manyan ƙungiyoyi na gajiya, raunuka sun yi yawa, wannan gaskiya ne. Amma wa ya ƙara wasannin? Ba Tamworth ce ta mayar da zagayen farko na Gasar Zakarun Turai daga wasa shida zuwa takwas ba. Ba Hereford ce ta ƙirƙiro gasar ƙungiyoyin duniya mai ƙungiya 32 ba. Ba su ne ke kwasar 'yan wasa zuwa Amurka da Asiya wasan sada zumunci ana gama kaka ba. Duk wasan da ke kawo wa manya kuɗi an sama masa gurbi, wanda ke kawo wa ƙanana ne kaɗai aka ga ya yi nauyi. Abin da ya fi ban haushi ma, an soke har a zagaye na ɗaya da na biyu, inda ko ƙungiyar Firimiya ɗaya ba ta shigo ba tukuna, su sai a na uku suke shiga. To gajiyar wa ake ragewa a nan?

Wasu kuma za su ce ai wasa ɗaya ya fi wa ƙaramin alheri, ya daure zuwa fenariti ya gwada sa'a. Akwai ƙamshin gaskiya. Lincoln City ma a 2017 a wasa ɗaya ta doke Burnley 1-0 a gidanta, ta zama ta farko daga wajen rukunan ƙwararru da ta kai zagayen 'yan takwas tun 1914. Amma ku duba yadda ta kai can: a zagaye na uku 2-2 ta yi da Ipswich a waje, sai da aka sake wasa a Lincoln ta ci 1-0. Kuma kafin fenaritin akwai minti talatin, ga canji biyar da ake yi yanzu. Ƙungiyar da bencinta ya fi garinku duka tsada ita wannan tsarin ya yi wa daɗi.

An ce Firimiya za ta ƙara har fam miliyan 33 a shekara don ƙwallon ƙasa-ƙasa. Madalla, a ba su, suna buƙata. Sai dai wannan kyauta ce, mai bayarwa ke yanke nawa da kuma yaushe. Sake wasa kuwa haƙƙi ne, da guminka ka same shi a fili, ba wanda zai ce ka gode masa.

Mu ma nan da muke kashe kuɗin kallo a kan ƙwallon Ingila, mun san ɗanɗanon abin. Ka zauna da dattijon Kano ka ambaci Raccah Rovers, ka ga yadda fuskarsa za ta canza. Ko ɗan Maiduguri da El-Kanemi Warriors, da suka ci kofin ƙalubale a 1991 da 1992, suka sake ɗaukarsa a 2024 alhali daga rukuni na biyu suka buga kakar. Don haka in ka ga tsohon Bature na share hawaye a kan ƙwallon da aka ci shekara hamsin da suka wuce, kar ka ce masa "sai tarihi".

Ni ba na cewa a mayar da komai yadda yake a da, lokacin da akan sake wasa sau uku sau huɗu har sai an samu gwani. Wannan ya wuce. Amma zagaye na ɗaya da na biyu a mayar musu da abinsu, tunda bai shafi kowa a Firimiya ba. A zagaye na uku kuma, in ƙungiyar da ke wajen rukunan ƙwararru ta riƙe babba minti casa'in, a ba ta wasanta na biyu. A shekara sau nawa hakan ke faruwa? Da wuya ya wuce ɗaya ko biyu. Babbar ƙungiyar da ba ta son ƙarin wasa a tsakiyar mako tana da hanya mai sauƙi, ta ci kafintoci da masu aikin famfo a cikin minti casa'in ɗin farko.

'Yan Tottenham, ina jiran ku a ƙasa.