Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Shugabannin Ƙananan Hukumomi Takwas na Birnin Kano

Ranku ya daɗe, shugabannin Birni da Kewaye, Fagge, Dala, Gwale, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo.

Da gangan na haɗa ku a takarda guda, domin arzikin garin nan bai san iyakar ƙaramar hukuma ba. Kayan da aka sauke a tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki, wadda aka ƙaddamar a 2023, a ƙasar Kumbotso suka sauka, amma a Kantin Kwari cikin Fagge za a sayar da su. Telan da zai ɗinka atamfar yana Gwale, ɗan dakon da ya ɗauki dilar kuma a Bachirawa yake kwana. Gari ɗaya ne, ciniki ɗaya, amma kasafi takwas ake yi masa, kowa yana duban gabansa. Roƙona shi ne ku zauna ku fitar da tsari guda, kuma ku fara shi daga kasuwa.

Na san za a ce wannan aikin gwamnatin jiha ne. Gaskiya ne Kwari da Sabon Gari suna da hukumomin gudanarwa na jiha, tsara birni kuma yana hannun hukumar KNUPDA ta jiha. Sai dai Jadawali na Huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, banɗakunan jama'a, kwashe shara, da sanya wa tituna suna da gidaje lamba, har da ba jiha shawara kan tsarin tattalin arziki. Ranar 11 ga Yulin 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ku kasonku kai tsaye. Ko da aiwatar da hukuncin yana tafiyar hawainiya, haƙƙin da ke wuyanku bai sauka ba.

A ƙasar nan mun saba auna ci gaban kasuwa da yawan shagunan da aka gina. Wannan ma'aunin ya cuce mu. A watan Maris na 2016 gobara ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari. A watan Agustan 2022 ruwa ya shiga Kwari, ya jiƙa kaya na maƙudan kuɗi, 'yan kasuwa suka yi ta kokawa da gine-ginen da suka toshe magudanan ruwa. Wanda ya ga yadda aka riƙa fito da shadda da leshi ana shanyawa, rini ya zuba, mai kaya yana tsaye yana lissafin bashin da ya karɓo su a kai, ba zai ƙara ɗaukar kwata ƙaramin abu ba. Duk rumfar da aka kafa a kan kwalbati, duk layin da aka matse har motar kashe gobara ba za ta iya shiga ba, kuɗin shiga ne na yau da za a biya da jarin mutane gobe. Kuma ba Kanawa kaɗai ke asarar ba, akwai fataken Maraɗi da Damagaram da na Chadi da Kamaru da suka dogara da kasuwar nan.

Ku shiga layukan Kwari ko Singa da azahar, a ƙafa, ba tare da rakiya ba. Ku ga mai kura ya maƙale tsakanin tirela da Adaidaita Sahu, ya sa ƙirji yana riƙe lodi kada ya kife, na bayansa suna ta "hanya, hanya!" Babu wurin sauke kaya, babu ƙayyadadden lokacin shigar manyan motoci. Matar da ta zo sarin kayan lefe daga nesa za ta wuni ba ta samu banɗaki mai tsafta ba. Mai teburi kuwa kullum ana yanka masa rasit, ya biya, amma bai taɓa ganin abin da kuɗinsa ya gyara ba. Shi ya sa yake kallon mai karɓar haraji kallon abokin gaba.

Ba na neman ku farfaɗo da masana'antun Bompai da Sharada da Chalawa, matsalar wuta da ta durƙusar da su ta fi ƙarfin aljihunku. Abin da ke hannunku ya isa aiki. Ku kafa kwamiti ɗaya na dindindin, da kujerun shugabannin 'yan kasuwa, 'yan dako, direbobi da mata masu sana'a, ba na 'yan siyasa kaɗai ba. Ku ƙidaya rumfuna da masu sana'a unguwa-unguwa, domin wanda bai san yawan mutanensa ba ba zai iya yi musu tanadi ba. Ku haɗe rasit ɗin nan barkatai su zama ɗaya, a liƙa abin da aka tara da abin da aka kashe a ƙofar kowace kasuwa duk wata uku. Sannan ku je wa gwamna da murya ɗaya kan a daina yanka fili a kan hanyar ruwa da hanyar mota.

Kada kuma a manta da kasuwar Kurmi, wadda ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, da marinar Ƙofar Mata da dukawan cikin gari. Hanya mai kyau, fitila da tsafta za su dawo musu da baƙi masu saye.

Kafin damina ta kama, ina roƙon ku haɗa ma'aikata da motoci a yashe magudanan da ke zuba a Jakara tun daga sama har ƙasa, a kuma sanar da jama'a ranar da za a fara da wanda za a tuntuɓa idan aikin ya tsaya.

Wassalam.

Naku,
Wani mazaunin Fagge