A Kai Wa Panteka Idon Ganin Tururin Nukiliya

Duk wanda ya san tsohuwar Panteka a Kaduna ya san yadda ƙarfe ke shigowa: a kura, a buhu, daga hannun 'yan gwangwan. Maƙeri ya ɗora guduma, ba ya tambayar asalinsa. Haɗarin nukiliya mafi kusa da talaka yana nan, domin asibitoci da masana'antu da kamfanonin mai suna aiki da ƙananan ƙwayoyi masu fitar da tururin nukiliya, a rufe cikin ƙarfe. Idan ɗaya ta ɓace, kasuwar tsofaffin ƙarafa ce makomarta.

Masu cewa wannan damuwar Turawa ce su dubi tarihi. A 1987, a Goiânia ta Brazil, wasu masu tsintar ƙarfe sun fasa na'urar maganin daji da aka yasar. Sinadarin siziyom-137 da ke ciki ya kashe mutum 4, aka kuma duba mutum kusan 112,000. A 2010 kobal-60 ya yi kisa a kasuwar ƙarafa ta Mayapuri a Delhi. A nan gida, a Disamban 2002, irin waɗannan ƙwayoyi guda biyu na kamfanin Halliburton sun yi ɓatan dabo a yankin Neja Delta, sai a Jamus aka gano su.

Hasken gamma da ƙwayar ke fitarwa ba ya da launi ko wari. Na'urar awo ta gama-gari tana yin ƙara ne kawai, ba ta nuna daga ina yake fitowa, don haka mai nema sai ya kusanci abin da zai ƙona shi. Kyamarar gamma kuwa tana sa garkuwar ƙarfe mai huji-huji a gaban ma'auni, kwamfuta ta karanta inuwar da ta faɗo, ta ɗora tabo a kan hoton wurin. Yanzu masu bincike na rage tsadarta da ma'auni ɗaya tal da garkuwa mai juyawa. A Janairun 2023, da ƙwaya mai tsawon milimita 8 ta faɗi a hanya mai kilomita 1,400 a Ostireliya, na'urar da aka ɗora a mota ce ta gano ta cikin kwanaki.

Uzurin rashin ƙwararru ba ya karɓuwa. Hukumar NNRA mai kula da harkokin nukiliya tana aiki tun 2001. Cibiyar CERT ta Jami'ar Ahmadu Bello, mai tafiyar da tukunyar nukiliya tun 2004, tana Zariya. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna kuwa maƙwabciyar Panteka ce.

Abin da ake buƙata kaɗan ne: na'urar awo a ƙofar kowace kasuwar ƙarafa, kyamarar gamma ɗaya da jihar za ta riƙa yawo da ita, da horo cikin Hausa kan alamar haɗarin mai kunnuwa uku. Sannan a tabbatar wa ɗan gwangwan cewa idan ya kai rahoto ba za a kama shi ba, domin wanda ke tsoron ɗan sanda a Kogin Kaduna zai jefa abin.