Magana A Kan Rumbun Jini Da Haƙƙin Mai Ajiya

 Ga wata mas'ala wadda ta kamata a zauna a kanta da natsuwa.

Kowa ya sani in mutum ya tafi asibiti akan ɗebi jininsa cikin 'yar kwalba, a auna, a faɗa masa abin da ke damunsa. Amma a zamanin nan ba dukan abin da aka ɗiba ake zubarwa ba. Akwai wanda akan ajiye shekara da shekaru domin bincike, a wani gida da masana suka gina musamman saboda haka. Mu za mu kira shi rumbun jini, gama aikinsa ya yi kama da na rumbun manomin fadama, wanda ke ware irin shinkafa ya adana don baɗi. Kada a gama shi da ma'ajiyar jinin da ake ƙara wa majiyyaci, wannan dabam ce. A rumbun da muke magana akan ajiye jini, da yawu, da kaki, da ruwan ƙashin baya. Akan raba kowane ɗaya cikin ƙananan kwalabe, a buga masa lamba, a sa shi cikin firiji mai sanyin daraja 80 ƙasa da inda ruwa ke daskarewa. Sa'an nan a rubuta a littafi daga ina ya fito, yaushe, kuma da wane sharaɗi aka bayar. In babu rubutun nan, kwalbar ta zama kamar buhu marar alama a bayan mota.

Daga cikin waɗanda suka tsai da wannan aiki a Nijeriya akwai Farfesa Alash'le Abimiku. Ta yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta wuce Landan ta sami digirin dakta a makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi, daga nan ta tafi Amurka ta yi aiki tare da Robert Gallo, ɗaya daga cikin masanan da suka tabbatar da ƙwayar cutar ƙanjamau. A shekarar 1994 ita da abokan aikinta suka buga bincike a kan jinin da aka ɗiba a Nijeriya, suka nuna cewa irin ƙwayar da ke nan ba ɗaya take da wadda ta yawaita a Amurka da Turai ba. Wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin abin awo ko rigakafi da aka ƙera bisa ƙwayar wata ƙasa ba lalle ne ya dace da tamu ba. A 2004 tana cikin waɗanda suka kafa Cibiyar Nazarin Ƙwayoyin Cutar Ɗan Adam ta Nijeriya a Abuja. Da aka ƙaddamar da shirin H3Africa a 2010, watau shirin nazarin gado da lafiyar mutanen Afirka, da kuɗin hukumar binciken lafiya ta Amurka da asusun Wellcome na Ingila, sai aka tsai da manyan rumbuna 3, ɗaya a Yuganda, ɗaya a Afirka ta Kudu, ɗaya a Abuja ƙarƙashin jagorancinta. Manufar ita ce a bar kwashe kayan bincikenmu zuwa ƙetare ba tare da an bar mana kome a gida ba.

To, ina ruwan mutumin Gulma da firjin Abuja? Amsa tana cikin sanƙarau, cutar da ke zuwa mana da zafin bazara. Daga 2011 aka shiga yi wa jama'ar Arewa allurar rigakafin nau'in da likitoci ke kira A, wanda shi ne ya daɗe yana kisa, aka kuwa ga sauƙi ƙwarai. Ana cikin murna sai cutar ta sake ɓullowa a ƙasar Sakkwato a 2013, da ƙasar Kebbi a 2014. Likitoci suka ɗebi ruwan ƙashin bayan marasa lafiya, aka aika da shi har birnin Oslo na ƙasar Nowe, aka gane cewa wani sabon iri ne na nau'in C, wanda waccan allura ba ta tsare shi. A 2017 wannan nau'i ya kwantar da mutum fiye da 14,000 a Nijeriya, fiye da 1,100 suka rasu, akasari a Zamfara da Sakkwato da maƙwabtansu. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta soma aiki da sabuwar allura mai tsare nau'i 5 gaba ɗaya. Da ba a ɗebi ruwan nan an adana shi da kyau ba, da an daɗe ana harbin duhu. Ga kuma wani dalili: a wani lissafi da aka buga a 2019, cikin mutanen da aka nazarci ƙwayoyin gadonsu a duniya, 'yan asalin Afirka 2 ne kacal cikin 100. Wanda ba a auna shi ba, da wuya a ɗinka masa riga daidai da shi.

Amfani dai ya tabbata. Saura amana, a nan ne kuwa mutanenmu suke da hujjar yin taka-tsantsan. A 1996, lokacin babbar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a Kano, cikin gwajin da ya haɗa yara 200, 11 daga cikinsu suka rasu. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, kamfani ya ce an nemi yardarsu, kuma cutar ce ta kashe yaran. Aka yi ta shari'a har 2009, aka sasanta da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Da aka zo biyan diyya, sai aka gindaya wa iyalai gwajin ƙwayoyin gado don tabbatar da dangantaka, ba a soma biya ba sai 2011. Raunin da wannan ya bari yana cikin abin da ya sa aka ƙi allurar shan-inna a wasu jihohin Arewa a 2003. Haka kuma a Legas wani kamfani mai suna 54gene, wanda aka kafa a 2019, ya tara jinin dubban 'yan Nijeriya don bincike, sa'an nan ya durƙushe a 2023. Kowane ɗan kasuwa zai yi tambaya ɗaya: in mai shago ya karye, ina makomar kayan da mutane suka ba shi ajiya?

Malamanmu ba baƙi ba ne ga wannan tambaya. Babin wadi'a yana nan cikin Risala da Muhtasar, ana karanta shi a zaurukanmu. Hukuncinsa kuwa sananne ne: wanda aka ba ajiya amintacce ne, ba ya ramuwa sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka, kamar ya mori kayan ba da izini ba, ko ya miƙa su ga wani ba da uzuri ba. Dokar ƙasa ma ta bi kusa da haka. Ƙa'idar ladubban binciken lafiya ta 2007 ta wajabta neman yardar mutum bayan an fahimtar da shi, da rubuta yarjejeniya kafin a fitar da abin da aka ɗiba zuwa wata ƙasa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana ɗibar jinin mutum sai da yardarsa, in ban da halin gaggawa. Sai dai doka tana Abuja da Turanci, mai ba da jini kuwa yana ƙauye da Hausa.

Saboda haka, duk wanda masu bincike suka zo wa, shi ko iyalinsa, ya yi musu tambayoyi 4 kafin ya miƙa hannu. Na farko, wannan awon magani ne ko ajiyar bincike? Na biyu, a ina za a ajiye, wa ke riƙe da mabuɗi, kuma za a fita da shi waje? Na uku, in na sake shawara, ina da ikon in ce a zubar? Na huɗu, in an gano wani abu, ta yaya labari zai komo garinmu? A nemi a karanta takarda da Hausa gaban shaida, a karɓi kwafi a adana kamar yadda ake adana takardar bashi. Mai aikin gaskiya ba ya jin haushin tambaya, ƙin ba da jini don bincike kuwa ba ya hana mutum haƙƙinsa na magani.

Sauran magana tana wuyan hukuma. Kuɗin waje da aka gina shirin H3Africa da su na shekara 10 ne, wa'adin kuwa ya cika. Firiji ba ya jiran alkawari, in wuta ta yanke ta daɗe, ajiyar shekara 20 takan lalace. Ƙasar da ke son a bar mata jinin 'ya'yanta a gida, tilas ta ɗauki nauyin wutarsa da ma'aikatansa. Ya kamata kuma kwamitocin da ke duba bincike a asibitocin Birnin Kebbi da Sakkwato su zaunar da malamai da wakilan 'yan kasuwa cikinsu zama na haƙiƙa, su karanta sharuɗɗa, su ce wannan ya yi, wannan bai yi ba. Ta haka jama'a za su ba da ajiya da kwanciyar rai, masana kuma su riƙe ta da tsoron ranar tambaya.

Allah ya tsare mu daga annoba, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa mu cikin masu cika amana, amin. Wassalamu.