“Gajeruwar rashin lafiya” mai shekara ashirin

A cikin shekara biyu da suka wuce, sau huɗu ina zuwa gaisuwar mutuwar abokan aikina malaman makaranta, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ya kai shekara 60. Duk huɗun, sanarwar da aka yi ta yawo da ita a WhatsApp iri ɗaya ce: ya rasu bayan gajeruwar rashin lafiya. Allah ya jiƙansu, ya sa sun huta. Amma yau da wannan magana nake rigima, domin mun maishe ta bargon da muke lulluɓe sakacinmu da shi.

Na ƙarshensu shekararsa 54. Yana tsaye gaban allo alli ya suɓuce masa, bakinsa ya karkace, hannun dama ya saki. Kwana uku ya yi a asibiti. A wurin zaman makoki na ji wani na cewa iska ce ta buge shi, wani kuma na raɗa cewa jifa ne, don an ce za a ba shi darektan makaranta. Da iyalinsa suka buɗe jakarsa sai ga wata tsohuwar takardar likita ta shekara tara da suka wuce, an rubuta tansiyonsa 17 da 10. Ya sha magani wata ɗaya, ya ce ya ji sauƙi, ya ajiye. Ku gaya mini, don Allah, ina gajarta a nan? Ciwon da aka gano shekara tara baya, wanda wataƙila ya fara tun shekara goma kafin a gano shi, shi ne muke kira gajere saboda kwana ukun ƙarshe kawai muka gani.

Hawan jini ba ya sallama. Mutum zai yi shekaru da shi, ba ciwon kai, ba jiri, yana cin abincinsa, yana zuwa aikinsa. A ciki kuwa jini na dukan bangon jijiyoyi dare da rana, har su yi tauri su ƙuntace. Zuciya ta dinga aikin ƙarfi har ta gaji, ƙoda ta lalace a hankali. Ranar da wata jijiya ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, ranar ce muke cewa iska. Awon da ya kai 14 da 9 ko ya wuce, in an sake aka same shi haka, hawan jini ne, ko da mutum na jin zai iya kokawa a fili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin masu wannan ciwo a duniya ba su ma san suna da shi ba. Ciwon suga ma haka yake tafiya, a ɓoye, sai ya ci ido da ƙoda da ƙafa.

Mu duba inda muka fito. Lokacin da Nijar ta samu ƴancin kai a 1960, matsakaicin tsawon rai a ƙasar nan bai kai shekara 40 ba. Yau ya ɗan haura 60. Mafi yawan wannan ci gaba daga ceton yara ya zo. A 1998, cikin yara 1000 da aka haifa, 226 ba sa kai shekara biyar. A 2009 adadin ya sauko zuwa 128. Allurar rigakafi, gidan sauro, da maganin kyauta ga yara ƴan ƙasa da shekara biyar da aka soma a 2006, su suka yi wannan aiki. Babu wanda ya ce a bar ƙyanda ta ci gaba da kwasar yara tunda kwana ƙararre ne. Mun tashi, Allah ya taimake mu. To me ya sa idan aka zo kan uban yaron, mai shekara 50, sai mu naɗe hannu mu ce ajali?

Na san amsar da za a ba ni, don na sha jin ta a majalisa: “Malam, in kwana ya ƙare ko gishiri ba ka taɓa lasa ba sai ka tafi.” Gaskiya ne, rai na hannun mai shi, ban ja da wannan ba. Amma mai faɗar haka yana duba hagu da dama kafin ya ƙetare titi. Yana kulle shagonsa da kwaɗo biyu. Yana yi wa shanunsa allura. Sai a kan tuwo da shayi ne kaɗai tawakkalinsa ke cika. Wannan kwaɗayi ne aka sa wa rawani. Sannan ko mutuwar ba ta zo ba, akwai abin da ya fi ta daɗewa a gida: mutum ya yi shekara bakwai kwance, rabin jiki a shanye, ana juya shi, an cire ɗiya daga makaranta don ta yi jinya, an sayar da gona da tumaki. Tambayar da nake yi ita ce, wane irin tsufa muke tanadi?

Wasu kuma su ce abin gado ne. Akwai gado a ciki, shi ya sa wanda uwarsa ko ubansa ke da hawan jini ya fi kowa bukatar awo. Sai dai binciken da aka yi kan tagwaye a ƙasar Denmak ya nuna gado bai wuce kusan kashi ɗaya cikin huɗu na bambancin tsawon rai tsakanin mutane ba. Sauran yana cikin yadda aka rayu da inda aka rayu. Sau da yawa abin da muke kira gadon jini, gadon tukunya ne: gida ɗaya, hannu ɗaya ke zuba gishiri.

Bari mu leƙa tukunyar. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara shi ne kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi guda, a duk abin da zai ci daga safe zuwa dare. Dunƙulen ɗanɗano da muke marmasawa a miya kusan rabinsa gishiri ne. A gidajenmu ana jefa huɗu ko biyar a tukunya ɗaya, a bi da gishiri, a ƙara kanwa, ita ma sinadarin da ke ɗaga jini a cikin gishiri yana cikinta. In an sauke, ga yaji a gefe, shi ma da nasa dunƙulen a dake. Ƙosai da dunƙule, dambu da dunƙule, zogale da dunƙule, har mangwaro ɗanye yara ke dangwala da shi. Daddawar da iyayenmu ke ƙamshin miya da ita an maishe ta abin ƙauyanci. Ina iyaye mata? Ku ne likitocin farko na kowane gida, kuma magidancin da ke ture kwano yana cewa miya ba ta ji maji ba, shi ma da hannunsa a ciki.

Sai shayi. Ni ma ɗan fada ne, ba zan yi ƙarya ba. Amma ku tsaya wata rana ku ƙirga sukarin da ake zubawa a buta daga na farko zuwa na uku, sannan ku tuna wasunmu sau uku suke wannan zama a yini. Iyakar da masana suka sa wa babba ita ce kimanin giram 50 na sukari a yini, ƙananan cokula 12 ke nan, kuma kwalbar lemu guda kan cinye fiye da rabin wannan. Ga sigari ana ja a gefe. Likitocin Ingila da aka bi rayuwarsu shekara 50, daga 1951, sun nuna mai shan taba yakan yi asarar kusan shekara 10 na rayuwarsa, kuma wanda ya bari da wuri yakan maido mafi yawansu. Ga zama: daga gado zuwa babur, daga babur zuwa kujera, daga kujera zuwa tabarmar fada. Masallacin da ke bayan gida ma sai an tada mashin.

Mun kuma ɗaure wa abin gindi da yabo. In tumbi ya fito sai a ce wane ya samu, hutu ya karɓe shi. In mace ba ta cika zane ba sai a ce miji ba ya ciyar da ita. Da wannan gori ake tura ƴan mata da amare shan ƙwayoyin sa ƙiba da ake sayarwa a faranti a kasuwa. Da yawansu magungunan ciwo ne masu ƙarfi, waɗanda in aka daɗe ana sha suke kumbura fuska, su ɗaga suga da jini, su raunana ƙashi. Haka maganin ciwon jiki da ake haɗiya kullum kamar gyaɗa, shi kuma ƙoda yake ci. Wanda ya taɓa raka ɗan’uwa wankin ƙoda Yamai ya san kuɗin da wahalar.

Akwai mai cewa: “Kakana ya ci gishiri da kanwa, ya yi shekara 90.” Allah ya ƙara masa rahama. Ka tambayi su nawa aka haifa a ɗakinsu, su nawa suka kai tsufa. Sannan ka duba yadda ya rayu. Ƙafarsa ce motarsa, hauya ce abokiyar yininsa, abincinsa gero ne da wake da nono da ganye: tafasa, rama, yakuwa, zogale, kuka. Sukari sai da salla. Ba cewa nake a koma zamanin da ba, zamanin da ya kashe mutane da yunwa da ƙyanda da haihuwa. Cewa nake mun yar da abin kirkin da ke cikinsa, mun riƙe gishirin kaɗai.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta talauci, kuma ba zan raina ta ba. Wanda bai san inda zai samu na dare ba, ba a yi masa wa’azin rage mai. Yunwa ita ma tana rage kwana, har ta hanyar da ba mu zata ba: binciken da Dokta David Barker ya fara a Ingila ya nuna jaririn da aka haifa da ƙarancin nauyi ya fi fuskantar hawan jini da ciwon zuciya in ya girma. A ƙasar da sama da kashi 40 cikin 100 na ƙananan yara ke fama da tsumburewa, wannan magana tamu ce. Yaron da yunwa ta tsumbure yana ƙarami, sannan aka cika shi da sukari da gishiri da ya tasa, an cuce shi sau biyu. Amma a lura, rage dunƙule daga biyar zuwa biyu ragin kuɗin cefane ne. Barin sigari ajiya ce. Tafiya a ƙafa bayan asuba ba ta cin ko dala.

Yanzu na zo kanmu, malamai. Mu fita bakin ƙofar makaranta da hutun ƙarfe goma mu ga abin da yara ke saye da dala 10 ko 20 da aka ba su: ruwan kala mai zaƙi a leda, alawa, biskit, taliya ɗanya ana barbaɗa mata garin ɗanɗano. Harshen da ya saba da wannan tun yana shekara bakwai, shi zai ce fura ba ta da daɗi yana shekara 30. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu kuwa muna kallo ana tanƙwara shi ta baya. Masana sun ce yaro na bukatar motsa jiki na awa ɗaya kowace rana. Mu fa? Awar wasanni ita ce ta farko da muke cinyewa in lissafi bai ƙare ba, ƴan mata kuwa a ce su zauna gindin icce su tsare jakunkuna. Muna koyar da darasin tsabta da lafiya, yaro na jin warin sigari a rigarmu. Wane zai ɗauka, na allo ko na riga?

Ga abin da nake nema, kuma babu wanda ya fi ƙarfinmu. Ƙungiyar iyayen yara ta kowace makaranta ta zauna da matan da ke talla a ƙofa, ba don a kore su ba, su ma abinci suke nema, sai don a daidaita: gyaɗa, dabino, ɗanwake, dafaffen wake, goriba, mangwaro da yalo a lokacinsu. A maido da awar wasanni, maza da mata. Kowace makaranta ta haɗa kuɗi ta sayi na’urar awon jini guda, a roƙi ma’aikacin likitar unguwa ya nuna yadda ake aiki da ita, a auna malamai da iyaye ranar taro. Ƙungiyoyinmu na malamai da suka iya yajin aiki kan albashi, su sa awon lafiyar shekara-shekara cikin buƙatunsu. Hukuma kuma ta tabbata akwai na’ura mai aiki da maganin hawan jini mai sauƙin kuɗi a kowane gidan likita na karkara, ta kuma aiwatar da dokar hana shan taba a wuraren jama’a da ke rubuce tun 2006.

Wanda aka riga aka ɗora a kan magani, ya ji ni da kyau: maganin hawan jini ba irin na zazzaɓi ba ne da ake sha kwana uku a ajiye. Jin sauƙi alama ce maganin na aiki. Kada a bari sai likita ya ce. Wanda kuma ya ga bakin wani ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, a nufi asibiti nan take. Addu’a a yi ta a kan hanya.

Ni kaina sai bayan jana’izar nan na je aka auna ni. An samu 15 da 9. Na dawo gida na zauna da uwargida muka yi maganar tukunya, shayina ya koma sau ɗaya, makaranta kuma a ƙafa nake zuwa. Sati biyu na farko miya ta yi mini lami, yanzu ta gidan biki ce ke yi mini zartsi. Ban san kwana nawa suka rage mini ba, wannan sanin na Allah ne. Abin da ke hannuna shi ne kada in kai kaina da kaina.

Kai da ke karanta wannan, yaushe rabonka da awon jini? In sai ka tsaya tunani, to gobe da safe ka je. Ka tafi da maiɗakinka, ka tafi da mahaifiyarka. Allah ya ba mu tsufa mai amfani, ya sa mu ga jikokinmu da ƙafafunmu.