Ra'ayinmu: Ba Kowace Tsohuwar Takarda Ce Ta Ƙunshin Tsire Ba

Sanin kowa ne cewa unguwar Briqueterie da ke Yawunde, babban birnin Kamaru, ita ce masaukin Bahaushe a kudancin ƙasar. Tun zamanin mulkin Jamus fataken Hausawa suke shiga garin, kuma unguwar ta samo sunanta ne daga wurin yin bulo na zamanin Turawa. An san ta da teloli da masu yadi da 'yan canji, sannan uwa-uba da mahauta masu tsire, har mutanen gari suka yi wa wani sashe nata laƙabi da ma'aikatar tsire. To, duk sana'ar da ke bukatar ƙunshi tana cin takarda. Kullum tsofaffin jaridu da mujallu suna ƙarewa a hannun mai tsire da mai ƙosai da mai gyaɗa, kamar yadda suke ƙarewa a kasuwannin Banki da Mubi da Kusiri da Garwa-Bulai. A cikinsu kuwa har da littattafan labari cikin zane, waɗanda masu jin Faransanci ke kira BD.

A namu ra'ayin lokaci ya yi da ɗan kasuwa zai riƙa duba takarda kafin ya yage ta. Irin waɗannan littattafai, da ainihin zanen hannu da aka buga su daga gare shi, haja ce mai kasuwa a duniya, kuma wani yanki ne na tarihin mutanen wannan yanki. Idan aka ci gaba da yi musu riƙon sakainar kashi, wata rana jikokinmu sai sun yanki tikitin jirgi zuwa Turai kafin su ga abin da kakanninsu suka zana.

Bari mu fara da maganar kuɗi, tunda da 'yan kasuwa muke magana. A shekarar 1938 aka buga fitowa ta farko ta mujallar Action Comics a Amurka, wadda a cikinta jarumin nan Superman ya fara bayyana. Kuɗinta a lokacin santi 10 ne kacal. A watan Afrilun 2024 kamfanin gwanjo na Heritage ya sayar da kwafi ɗaya nata a kan Dala miliyan 6. Haka kuma a watan Janairun 2021, a gidan gwanjo na Artcurial da ke Faris, an sayar da wani zane guda da Hergé, mai littattafan Tintin, ya yi da hannunsa a 1936 domin bangon littafinsa Le Lotus bleu, a kan kusan Yuro miliyan 3.2, wato fiye da sefa biliyan 2. Wannan takarda ta shafe shekaru a ninke cikin aljihun tebur, har shatin ninkin yana nan a jikinta.

Abin tambaya shi ne, me ya sa mujallar yara ta santi 10 ta kai wannan daraja? Amsar ita ce ƙaranci. An buga kwafi kusan 200,000, amma waɗanda suka rage a duniya ba su wuce kimanin 100 ba. Sauran iyaye sun share su da shara, wasu kuma an tattara su an mayar masana'antar takarda a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ke nan abin da ya ba ta tsada shi ne abin da muke gani yau a kasuwanninmu: kowa ya raina, kowa ya zubar, sai ɗan abin da ya tsira ya zama zinariya a hannun wanda ya yi haƙurin ajiya.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan harka ta Turawa ce kawai. Ƙasar Kamaru tana da nata tarihin a wannan fage, kuma mai tsawo ne. A Fumban, fadar Bamun, inda fataken Hausawa suka daɗe da zama, an yi wani gwanin zane mai suna Ibrahim Njoya, ɗan'uwan Sarki Njoya, wanda ya rasu a 1962. Ya zana jerin sarakunan Bamun, ya kuma zana tatsuniyoyi gida-gida a kan takarda, tare da bayani cikin rubutun Bamun da sarkin ya ƙirƙiro. Masu binciken tarihin wannan fasaha suna lissafa shi cikin na farko-farko da suka yi labari cikin zane a Afirka. Shi kansa Sarki Njoya a nan Yawunde ya rasu a 1933, bayan Faransawa sun raba shi da garinsa.

Bayan samun 'yancin kai, duk wanda ya yi makarantar boko a ɓangaren Faransanci zai tuna da mujallar Kouakou, wadda ake bugawa a Faris ana rarraba wa yaran Afirka daga 1966 zuwa 1989. A shekarun 1970 Thomas Durand Kiti ya fito da Sam Monfong, ɗan sandan da ba a cin galabarsa, a jaridar La Gazette ta Duwala. A 1993 jaridar Le Messager ta marigayi Pius Njawé ta haifi Le Messager Popoli, jaridar zanen shaguɓe, wadda jagoranta Nyemb Popoli ya sha tsangwama saboda alƙalaminsa. A Yawunde aka fara bikin zanen barkwanci na Fescarhy a 1999, aka kuma fara bikin Mboa BD a 2010. A ɗaya gefen iyaka kuwa, dattawan Kano da Kaduna da Yola ba su manta da African Film ba, mujallar hotuna ta kamfanin Drum mai ɗauke da labarin Lance Spearman a ƙarshen shekarun 1960, ko Ikebe Super da Wale Adenuga ya fara a 1976, inda Papa Ajasco ya samo asali. Haka nan bangayen littattafan soyayya na Kano na shekarun 1980 da 1990, da yawansu da hannu aka zana su kafin kwamfuta ta karɓe aikin.

Yanzu mu tambayi kanmu: ina waɗannan takardu suke? Gidaje nawa ne a Briqueterie, ko a Garwa da Marwa da Gaundare, za a iya samun cikakken jerin ɗaya daga cikin waɗannan mujallu? Wanda ya san halin ajiyarmu ya san amsa. Abin da gara ta bari ɓera ya ci, abin da ɓera ya bari laima ta ruɓar, ragowar kuma an auna a sikeli.

Mun riga mun ga yadda irin wannan take ƙarewa. Kujerar sarautar Bamun da ake kira Mandu Yenu tana Balin tun 1908. Wani bincike da masana na Jamus da Kamaru suka fitar a 2023, ƙarƙashin jagorancin Bénédicte Savoy da Albert Gouaffo, ya nuna akwai kayan tarihin Kamaru sama da 40,000 a gidajen tarihi na Jamus. Wasu daga cikin zanen Ibrahim Njoya ma a gidajen tarihin Turai suke. Waɗancan kaya mafi yawansu a zamanin mulkin mallaka suka fita, lokacin da ba mai iya cewa uffan. Na yanzu kuwa ba bindiga za ta raba mu da su ba, rashin sani ne, wanda Bahaushe ya ce shi ya sa kaza ta kwana a kan dami.

Sai dai wajibi ne mu ja kunne, domin kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Ba muna cewa duk wanda ya tsinci tsohuwar Kouakou a adakar mahaifinsa ya zama miloniya ba. Mafi yawan tsofaffin mujallu kuɗinsu kaɗan ne, kuma kasuwar zanen Afirka ba ta kama ƙafar ta Amurka da Faransa ba. Abubuwan da ke sa farashi sanannu ne: ƙarancin abin, lafiyar takardar, kasancewarta fitowa ta farko ko cikakken jeri, sunan mai zanen, da kuma samun mai so. Mujallar da bangonta ya cire ko mai ya taɓa ta, darajarta ta faɗi warwas. Don haka duk wanda ya zo maka da labarin cewa ka ba da kuɗin rajista ko na dillanci tukuna domin wani Bature zai sayi takardarka da miliyoyi, to ka san ɗan damfara ne, ka kama aljihunka.

Haka kuma ya kamata a san bambancin bugu da ainihin zane. Bugu dubbai ne, zanen hannu kuwa guda ɗaya ne tak a duniya, shi ya sa ya fi tsada nesa ba kusa ba. Galibi zanen hannu ya fi na bugu girma, takardarsa ta fi kauri, ana ganin shatin fensir a ƙarƙashin tawada, da wuraren da aka shafa farin fenti aka gyara, wani lokaci da rubutun mai zanen ko na maɗaba'a a gefe. Bugu kuwa idan aka sa masa madubin ƙara girma, sai a ga launinsa ɗige-ɗige ne ƙanana. Kamar yadda mai yadi ke bambanta shadda ta gaske da jabu, haka wannan ma ido ne da sabo. Kuma kamar yadda ba a sayen mota babu takardu, zane ma ana so a san daga hannun wa ya fito.

Ajiyar ba ta bukatar jari mai yawa. A nesanta takarda da rana, domin tana kashe launi. A Yawunde, inda damina biyu ce a shekara, babban abokin gaba shi ne laima, saboda haka kada a ɗaure takarda mai danshi cikin leda, kuma a ɗora akwatin a kan katako, kada ya taɓa ƙasa ko bango. A arewa kuwa zafi da ƙurar hunturu ke busar da ita har ta riƙa karyewa. A shimfiɗa ta kwance, kada a ninke, kada a liƙa mata salatif, kada a kai ta a manne da roba a wurin masu hoton takardu, domin wannan yana kashe darajarta. A ɗauki hoton kowane shafi da waya, a rubuta suna da lamba da shekara a wani littafi daban.

Akwai kuma haƙƙin mai zane, wanda bai kamata a tsallake ba. Jerry Siegel da Joe Shuster, samarin da suka ƙirƙiro Superman, sun sayar da haƙƙinsu a 1938 a kan Dala 130, suka tsufa cikin ƙunci alhali wasu na kwasar miliyoyi. Abin mamaki, takardar cekin da aka biya su da ita an yi gwanjonta a 2012 a kan Dala 160,000. Kada mu maimaita wannan a kan namu. Wanda zai sayi zane ya saya daga hannun mai shi ko magadansa, da farashin da babu ƙwara, a kuma rubuta. A sani kuma cewa mallakar takarda daban, izinin sake bugawa daban. Dokar haƙƙin mallaka ta Kamaru ta Disambar 2000 tana nan, kuma hedikwatar hukumar OAPI mai kula da irin wannan haƙƙi a ƙasashen Afirka da dama a Yawunde take.

Ga masu tsallaka iyaka da kaya, muna tunatar da cewa Kamaru tana da dokar kayan tarihi ta Afrilun 2013, Nijeriya kuma tana da hukumar gidajen tarihi da aka kafa a 1979, kuma duka ƙasashen biyu sun sa ƙa'ida a kan fitar da kayan tarihi. Mujallar da aka buga jiya ba ta cikin wannan, amma tsohon zanen hannu irin na Fumban, ko tsohon rubutun ajami, a nemi bayani daga hukuma kafin a cusa shi cikin dila. Kada garin neman la'ada mutum ya jawo wa kansa rigima da kwastan.

Mun san akwai 'yan'uwa da ba sa son ajiye zanen mutum ko dabba a gida saboda dalilin addini. Wannan fage ne na malamai, kuma kowa ya bi abin da zuciyarsa ta natsu da shi. Roƙonmu kawai shi ne, wanda ba zai ajiye ba kada ya ƙona, ya miƙa wa ɗakin karatu ko makaranta ko wani mai bincike.

Daga ƙarshe muna kira ga shugabannin Hausawa da ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Briqueterie da su ware ko da ɗaki ɗaya ne a unguwar domin tara tsofaffin mujallu da zane da hotuna da jaridu, a sa amintaccen mutum ya riƙa rubuta abin da ya shigo da sunan wanda ya kawo. Mutanen Fumban sun buɗe sabon gidan tarihin sarakunansu a watan Afrilun 2024, ba kuwa da rana ɗaya suka tara abin da ke ciki ba. Muna kira ga masu sayen takarda a kan kilo da su riƙa tsince masu zane su ware gefe, ga masu hannu da shuni kuma da su riƙa sayen aikin matasan da ke zane tun suna raye, su kuma taimaka a buga irin waɗannan littattafai da Hausa, domin yaranmu su ga kasuwarsu da unguwarsu da harshensu a shafi. Hausawa sun ce don tuwon gobe ake wanke tukunya. Allah Ya sa mu gane, Ya kuma sa wa kasuwa albarka.